Ranar da Malam Ya Buɗe Jakar Jikansa

Na daɗe ina juya wannan labari a raina kafin in rubuta. In fara, in goge. Karatuna a firamare ya tsaya, ina tsoron in faɗi abin da ban sani ba in ɗauki alhaki. Amma akwai tambayar da nake son yi muku a ƙarshe, shi ya sa na daure.

Ana sallame asuba muka nufi tasha a Katsina, ni da yaron wajena. Ɗan fari ne, ku yi mini uzurin rashin kama sunansa. Sana'arsa rubuta manhaja, wato irin abubuwan da ke aiki a cikin waya da kwamfuta. Mahaifina kuwa malami ne a wani ƙauye kusa da Tsaskiya, rayuwarsa duk a rubutun Alƙur'ani da hannu ta tafi. Tun da yaron ya fara samu yake aika wa kakansa shinkafa da mai, Malam kuma yana sa a jingine su a zaure ba a taɓa. Ya ce ba zai ci abin da bai san hanyarsa ba, don ya ji akwai samarin da ke zama a ɗaki suna damfarar mutane da kwamfuta. Ni kaina ina ci ne gabana na faɗuwa. Wannan ne ya tayar da mu.

Motar Batsari ta cika maƙil, kuɗin mota kuma ya haura abin da na sani. Jakar kayan aikin yaron ni na rungume ta a cinya, duk da mai ita ya ce ba ƙwai ba ne a ciki. Damina ta yi kyau, gero ya fi mutum tsawo a dama da hagu. Da can wannan abin murna ne kawai. Yanzu ina ganin duhun gona sai in kama addu'a, ina leƙen kowane babur da ya ɓullo. Wata tsohuwa da ke gefena ta ce, "Bawan Allah, ka sassauta, ka hana ni gyangyaɗi."

A Batsari muka karya da koko da ƙosai, muka ƙara da gasasshiyar masara. Yaron ya tsaya a rumfar mai caji ya cika fawa bank ɗinsa, wani ƙaton ma'ajin caji mai nauyin rabin bulo da yake ji da shi kamar me. Ni kuwa na bi mutane ɗaya bayan ɗaya ina tambayar lafiyar hanya. Har ɗan acaɓan da zai ɗauke ni ya ce, "Alhaji, in ka ƙara tambayar mutum ɗaya, ni ma tsoro zai kama ni."

Daga nan babura muka hau zuwa ɓangaren Safana. Hanyar duk laka, akwai rafin da sai da muka sauka muka naɗe wando. Na ɗora jakar a ka, ni da ban taɓa ɗaukar tulu ba.

Mun tarar da Malam a zaure, buhunan nan jingine a bayansa. Muka durƙusa muka gaisa: gajiya, ruwa, iyali, mutanen birni. Tsohuwa, wato mahaifiyata, ta leƙo ta ce wa jikan, "Maigidana, ka zo babu ko goro? Na fasa auren." Aka kawo fura da nono.

Malam yana da ɗabi'a. Duk wanda ya zo neman albarka a kan sana'a, maƙeri ne ko wanzami, sai ya ce ya baje kayan aikinsa a tabarma. Bayan la'asar ya dubi jikansa ya ce, "To aboki, zazzage."

Yaron ya fito da laftof ɗinsa, tsohuwa ce, gefenta ya goge, ya ce ba ya son canza ta don batirinta na da haƙuri. Ya fito da kibod daban mai ƙara ƙwas-ƙwas, wai yatsunsa sun fi sabawa da shi. Malam ya danna ya ce, "Kamar kaji na tsattsagar tsaba." Sai abin toshe kunne na hana hayaniya, da ƙaramar sola mai naɗewa kamar darduma. Ya nuna wata manhaja mai tsara masa ayyukan yini, da wata mai rufe duk saƙonni idan ya zauna aiki, ba ta buɗewa sai lokacin salla. Wannan ta burge ni. Duk da haka gumi ya jiƙa mini riga.

Malam ya daɗe yana kallon rubutun da ke kan allon kwamfutar, layi-layi, wani ja wani kore. Sannan ya ce, "Wannan duk kai ka rubuta?"

"Ni ne, Malam."

"Wa ke yi maka darasu?"

Darasu shi ne duba rubutun allo da malami ke yi, ya gyara kuskure kafin a karanta. A wurin Malam, rubutun da ba mai duba shi ba abin yarda ba ne. Na sunkuyar da kai, don na ɗauka an zo ƙarshe.

Sai na ji yaron ya yi dariya. Ya buɗe wata manhaja da ya ce ita ce ya fi so duk cikinsu. Tana riƙe da kowane layi da ya taɓa rubutawa, da sunansa a jiki. Kuma ba abin da ke wucewa sai wani abokin aikinsa ya karanta ya amince. Ya nuna inda aka dawo masa da aiki aka ce ya sake, ya fassara wa Malam maganar mai gyaran. Aikin ma na wani asibiti ne, don mata su san ranar awo.

"Yakan yi maka faɗa?"

"Sosai ma."

"Madalla da shi," in ji Malam. "Ɓarawo ba ya kai rubutunsa a duba." Ya ɗaga murya ya ce wa tsohuwa a buɗe buhu ɗaya. Da magariba muka ci shinkafa da mai da yaji a kwano ɗaya da shi. Ban san sanda hawaye ya zubo mini ba, na ce yaji ne.

Da safe Malam ya fiƙe alƙalamin kara ya jefa a jakar, kusa da kibod. Ya ce jikan ya dawo bayan girbi ya zauna kusa da shi, kowa da rubutunsa. Mun iso Katsina lafiya, na gane cewa tambayar da na kasa yi wa ɗana a kan sana'arsa don kunya, da na yi ta da tuni na huta.

Yanzu ga damuwata. Yaron ya amsa wa kakansa, amma aikinsa ba ya yiwuwa sai da sabis, a ƙauyen kuma ko kira sai an hau dutsen bayan masallaci. Don Allah mutanen Tsaskiya da kewaye, akwai na'urar da kuka gwada mai janyo sabis har cikin zaure? Wanda ya sani ya sanar da ni kafin a yanke gero, don Malam ya riga ya sa an share masa wuri.