Mai Gyaran Famfo da Wayar Aro

A shagon kofi na bakin tashar garin Geelong, a ƙasar Ostiraliya, akwai wani mai gyaran famfo da zama ya gagare shi. Rana ta gasa masa ƙeya, ƙafarsa sai kaɗawa take. Sunansa na jikin motarsa a waje: Col Brennan. Ya ɗauki waya, ya ajiye, ya sake ɗauka. Da gani ta kwana biyu ba ta yi ƙara ba, wataƙila ma a gida an daina tambayarsa ko an kira.

Matar da ke gabansa, mai sana'ar ɗaga sunan 'yan kasuwa a binciken intanet, ko kwamfutarta ba ta buɗe ba.

"Wanda nake biya yanzu kan irin aikinki ya kai ni sama," in ji shi, yana tura mata wayar. "Kullum sai na duba, ni ne na farko."

Ta ce, "A wayarka ke nan, ta saba da kai. Ari ta wani ka gani. Ni kam ba na alƙawarin na ɗaya."

Ya nufi Thuy mai haɗa kofi. "Ɗan ara mini wayarki."

"Kar dai ka shafa mata dattin kwata!"

Ya karɓa, ya nemo masu gyaran famfo. Yatsansa mai kaushi yana ja, yana ja. Masu gyaran famfon garin duk ga su, har wanda shi ya koya wa aikin. Shi babu.

Ya dawo, ya ja kujera, ƙafar ta tsaya cak.

"To," ya ce, "buɗe kwamfutar."