Malam Tsaya

Sana'arsa gyaran firji, amma ba mai kiransa mai firji sai baƙo. Kowa a layin nan, Malam Tsaya yake ce masa, har matarsa in tana jin tsokana. Shagonsa yana ƙasan wani tsohon bene, cike da matattun firji masu warin tsatsa. A sama akwai wani dogon ɗaki da ya share, ya shimfiɗa tsoffin katifun roba, ya kafa fasasshen madubi a bango. A nan yake koya wa yaran unguwa kareti da yamma, in ya wanke baƙin mai daga hannunsa.

Iyaye kan kawo 'ya'yansu da zaton za a koya musu fasa bulo da hannu. Sai su tarar da wani gajere mai sanƙo yana sa yara su kai naushi, su tsayar da shi dab da hancin abokin karawa. In an yi masa ƙorafi sai ya ce duka ai ko jaki ya iya, tsayawa ce ake zuwa koyo. Yara biyu na cikin karawa, da ya daka tsawa ya ce "Tsaya!", dole kowa ya sauke hannuwa, ya haɗe ƙafafu, ya rusuna wa ɗan'uwansa, ko da shi ake cuta. Wanda ya ƙara ko da lakuta bayan kalmar, ya kwance ɗamararsa ya je ya zauna bakin ƙofa, wajen takalma.

Ba a banza ya riƙe kalmar nan ba. A gidan da ya tashi, hannun ubansu ya fi bakinsa sauri, kuma in ya fara ba mai cewa bari. Wani tsohon ɗan kwana-kwana ne ya koya masa kareti yana saurayi, a wurinsa ya fara ganin ƙaƙƙarfan mutumin da ake ce wa tsaya ya tsaya. Abin ya shiga ransa, bai ƙara fita ba.

Wata rana ƙanwarsa ta hau benen tana jan ɗanta da wuyan riga. Barkono ake ce wa yaron, sunan kuwa ya bi jiki. Bai kai shekara goma sha biyu ba, amma ya riga ya cire wa wani haƙori a makaranta, shugaban makarantar kuma ya rantse in ya sake faɗa zai kore shi. Uban yaron a faɗan tasha aka kashe shi, kan maganar da ba ta taka kara ta karya ba.

"Yaya, ga shi nan, ya fi ƙarfina," in ji ta. "Zuciyar ubansa ce. Ba na son a sake kawo mini gawa a bayan mota."

"Bar mini shi," in ji Malam. "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Barkono ya sha zama wajen takalma har yara suka fara ce masa mai gadi. In an taɓa shi sai ya rama biyu, idonsa ya kaɗa ya yi ja, kunnensa ya toshe. Malam bai taɓa sa masa hannu ba. Yakan durƙusa gabansa ya ce, "A gida ni kawunka ne, a nan kuwa in na ce tsaya, ko wuta ce ke cin rigarka, ka tsaya." Sannu a hankali kalmar ta fara isa jikin yaron kafin fushi ya isa. Aka daina kiran uwarsa makaranta. Ya koma zama yana jera wa kawunsa sukurori a shago, har yana koya wa ƙanana ɗaurin ɗamara. Malam ya so yaron nan fiye da yadda yake nunawa, kuma ya yi alfahari da shi, har in ana hira yakan ce, "Ku dubi Barkono."

Ran da abin ya faru, da la'asar ne, Malam yana sama yana kakkaɓe katifu. Ya ji ihu a layi, ya leƙa ta taga. Wani ƙaton yaro mai wankin mota, wanda ya daɗe yana tare ƙananan ɗalibai, ya fizge ɗamarar wata yarinya yana kaɗa ta a kwata. Barkono ya ce ya ba ta. Ƙaton ya kawo mari, Barkono ya kare, ya sa masa ƙafa, sai ga ƙaton rigingine kusa da tarin ƙarafan shago. Barkono na tsaye a kansa, dunƙulallen hannu a sama.

Malam bai yi tunani ba. Kora daga makaranta ya gani, da fuskar ƙanwarsa. Ya buɗe baki iya ƙarfinsa.

"Tsaya!"

Yaron ya tsaya. Ya sauke hannuwa, ya haɗe ƙafafu, ya sunkuyar da kai ya rusuna, daidai yadda aka koya masa, ba kuskure ko ɗaya. Shi kuwa na ƙasa bai taɓa hawa benen nan ba, kalmar ba ta ce masa komai ba. Hannunsa ya faɗa kan wani guntun bututun ƙarfe da Malam ya cire daga firji da safe, ya taso da shi ya sami fuskar da aka sunkuyo masa.

Likita ya ce idon hagu ya tafi. Hausawa na cewa wanda bai ji bari ba ya ji hoho, amma wannan yaro ya ji bari, hohon kuma bai bar shi ba. A barandar asibiti mutane suka yi ta cewa tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Ƙanwarsa ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Yaya," ta ce, "nawa ɗan ka koya wa tsayawa. Na mutane fa, wa ya koya musu?"

Malam ya tura ƙofa ya shiga ɗakin da aka kwantar da Barkono, yana fatan yaron na barci, don bai san da wace fuska zai dube shi ba.

Barkono na kwance, rabin kansa a naɗe da bandeji. Ya juyo da idon da ya rage, ya nemi kawunsa har ya same shi. Babu fushi a fuskarsa ko kaɗan. Jira yake a yaba masa, kamar kullum in an tashi daga karawa.

"Kawu, ka gan ni?" ya ce a hankali. "Kana faɗa na tsaya. Ban ƙara ko lakuta ba."