Lihafin Zinariya

Tun da matar nan ta shigo shagon ɗinki na Madain Fahad ba ta zauna ba. Muntaka tela bai san ta ba. Doguwa ce, ta haura arba'in, abayarta ta koɗe a kafaɗa, hannuwanta sun yi kaushi irin na masu wanke-wanke a gidajen Larabawa.

Lihafi ta kawo, bargon da ta harhaɗa da ƙyallayen atamfa, tana so a bi shi da babban keke. Ta shimfiɗa ƙyallen ƙasa, ta baje auduga, ta ɗora na sama. Tana shafe shi da tafin hannu, tana tsinke zaren da ya leƙo da haƙori. Duk motar da ta rage gudu a waje sai ta waiga. Muntaka ya san irin wannan waigen, don shi ma ya taɓa zama ba iƙama, takardar izinin zama a Saudiyya.

"Hajiya, ya isa haka, ya miƙe," in ji shi.

"Bari dai, Malam. In ya tattare a keke ba ni da wani, kuma jibi mai kai saƙon Kano za ta tashi."

Wataƙila tsofaffin zannuwanta ta yayyanka. Ya ɗora tef, ya ga tsawon ya wuce kima.

"Na wane ne haka?"

"Na 'yata Zinariya. Tana rarrafe na taho umra." Ta sake waigawa ƙofa. "Ban san tsayinta ba yanzu, shi ya sa na ƙara."