Ranar Da Tahsin Mai Simit Ya Ɗaga Haɓa

Duk wanda ya tashi a unguwarmu ta Balat, a nan Istanbul, da muryar Tahsin ya saba karya kumallo. Yana ɗan saurayi ya baro ƙauyensu a wajen Tokat, Rustem Usta mai gidan burodi ya ɗora masa gammo, ya ɗora masa tiren katako cike da simit, burodin nan mai riɗi da ake naɗewa kamar awarwaro, ya ce, "Je ka, kada ka dawo mini da ko ɗaya." Tun daga ranar Tahsin yake hawa layukan tudu, hannu a aljihu, kaya a ka, yana rangaɗa kira. Mata su zuro kwando da igiya ta tagar bene, ya saka musu, su ja abinsu.

Tiren nan abu biyu ya yi masa. Na farko, ya cinye masa gashi. Sanƙon ya fito daidai faɗin gammo, kamar an kifa kwano an zana. Na biyu kuwa, ya hana shi ƙin abu. Mutanenmu ba sa ɓata baki wajen cewa a'a: haɓa za ka ɗaga sama, ka ɗan tsotsi harshe, magana ta ƙare. To mai hasumiyar simit a ka, ina shi ina ɗaga haɓa? Sau ɗaya ya gwada yana sabon shiga, kuliyoyin layin suka yi walima. Da tafiya ta yi tafiya wuyan ya saba, ko ya sauke kaya ba ya lanƙwasuwa baya. Mutane kuma suka gano shi. Yaya Tahsin, miƙa wa tsohuwa maganinta a saman bene. Yaya Tahsin, in ka bi ta masallaci gaya wa mijina ya dawo gida. Matarsa Nermin takan ce ita ma sai da ta bari ya ɗora tire, sannan ta tambaye shi ko zai turo iyayensa.

Da tiren nan ya yi wa 'yarsa Gulten karatu. Ta samu aiki a ɗaya daga asibitocin dashen gashi, irin waɗanda kake ganin baƙinsu, Larabawa da Turawa, suna yawo cikin gari da baƙin ɗauri a goshi. Likita ya huda, ita ta bi da ɗan hantsaki tana dasa gashin da aka ciro daga ƙeya, ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka ɗora ta a kan sauran masu dashen, ta dawo gida da kwalin baklawa, alawar nan tamu ta murna, ta sumbaci hannun ubanta ta kai goshi, ta ce, "Baba, kanka nake so."

"Ki yi me da shi? Ba kowa a ciki."

"Kan baƙi nake gyarawa kullum, na ubana yana haska mini ido a wajen cin abinci. Saboda ni ya tafi, ni zan dawo da shi. Likita ya yarda, da hannuna zan dasa."

Tahsin ya dubi Nermin ko za ta cece shi. Nermin ta ci gaba da zuba shayi. Abin da wuyansa ya saba, shi ya yi.

Aikin kansa bai dame shi ba, barci ma ya yi a kujera. Jinyar ce ta nuna masa duniya. A kishingiɗe yake kwana, da matashi zagaye da wuya, kamar mai jiran mota a tasha. Goshi ya kumbura, kumburin ya gangaro ido, har Nermin ta ce da a hanya suka haɗu da ba ta amsa gaisuwarsa ba. Ba sunkuyo, ba hula, ba rana, ba gumi. Salla ma a zaune, da ishara. Gulten ce ke wanke masa kai da kanta: ta ɗora kumfa kamar mai tsoron tada jariri, ta bari ya jiƙa, ta tsiyaya ruwa mai ɗumi da kofi. Da ɓawo ya fara bushewa ƙaiƙayi ya taso, Nermin ta zauna gadinsa da cokalin miya. Hannu ya nufi sama, cokali ya sauka.

"Kunne zan sosa."

"Kunnenka ya koma tsakar ka? Zauna a kan hannunka, angon gobe."

Babbar dokar dai ita ce wadda Gulten ta kafa tana kallon cikin idonsa: "Baba, ba gammo, ba tire, sai ranar da na ce. Ka yi mini alkawari."

Da ya ɗan warware sai ya koma aiki da sassafe, kafin rana ta yi zafi, da kwando rataye a hannu. Abin bai yi kyau ba. Kwando ba ya cin rabin tire, na ƙasa kuma duk su lotse. Tafiyarsa ta canza, yana tangaɗi kamar wanda ya sauko daga jirgin ruwa. Kiran ma ya ƙi fita, ashe nauyin kai ne ke matso shi. Kafin ya gama layin ƙasa, mutanen tudu sun gaji da jira sun ci burodin jiya.

Ana cikin haka gashin da aka dasa ya fara zuba. Ya tashi da safe ya ga baƙi-baƙi a kan matashi, washegari ya fi haka, har kai ya koma fili fetal, ga shi ja kamar an yi masa mari. Gulten ta duba da fitilar wayarta, ko a jikinta. Ta ce haka yake yi, kara ne ya faɗi, saiwa tana ciki, sai an yi haƙuri. Tahsin ɗan manomi ne, ya san iri yakan ɓata a ƙasa kafin ya nuna kai. Amma ya kuma san akwai shekarar da ba ya nunawa.

A wajen mai shayi kuwa an samu abin yi.

"Yaya Tahsin, yaya gona?"

"Fari ne ko fara?"

"Ku bar shi, bai sa taki ba ne. A kawo masa na tattabaru."

Ya yi dariya tare da su, ya shanye shayinsa. Wanda bai yi dariya ba shi ne Rustem Usta. Wata safiya Tahsin ya shiga gidan burodi da kwandonsa, ya tarar an jera masa tire, simit na ta tururi, gammo a gefe. Tsohon yana tsaye, gari har gira.

"Ajiye kwandon matan nan," in ji Usta. "Mutanen tudu sun dame ni da ƙorafi. Akwai wani mai tallar simit a amalanken gilashi da ke bina in ba shi layinka, ina ta yi masa hanya-hanya saboda kai. Yau dai ko ka ɗauka, ko in ba shi."

"Usta, yarinyar ta ce in jira."

"Ka jira me? Kawo kan nan in gani." Ya janyo shi kusa da hasken tanda. "Ɗana, tafin hannuna ya fi wannan gashi. Shuka ta mutu, Allah ya ba da haƙuri. Yarinya ce, ta gwada, bai yi ba, kunya ce ta hana ta faɗa maka. Za ka bar layin da ka ci ƙuruciyarka a kai saboda gonar da ba komai? Durƙusa."

Kalmar nan kullum da ita ake buɗe masa rana, gwiwoyinsa har sun fara lanƙwasawa da kansu. Usta ya ɗauki gammo. Tahsin ya ji ƙamshin riɗi, ya ji kewar nauyin nan a wuyansa kamar kewar gida. Wataƙila ma tsohon ya yi gaskiya. Sai dai ya tuna yinin da Gulten ta yi a sunkuye a kansa, yana jin numfashinta a kunnensa, ba ta ko tashi shan ruwa ba. In ya ɗora tiren nan, ya gaya wa unguwa duka cewa shi ma bai yarda da aikinta ba.

Ya miƙe. Wuyan ya yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa, haɓa ta tashi sama, harshe ya yi ɗan sautinsa.

Yaron da ke kwaɓa ƙullu a gefe ya tsaya da hannu cikin ƙullu. Usta ya dube shi, ya dubi gammon da ke hannunsa.

"Ni ka yi wa haka?"

"Ka gafarce ni, Usta. 'Yata ta ce akwai saiwa."

"In babu fa?"

"In babu, daga bakinta zan ji."

Tsohon ya jefar da gammo a kan buhun gari. "Shekara nawa ina ciyar da kai, ashe wuyanka na motsi. Ɗauki kwandonka ka ba ni wuri."

Usta ba ya magana biyu. A makon nan mai amalanken ya kafa a bakin layin ƙasa, inda ciniki ya fi kauri, ya bar wa Tahsin matakalun tudu da taya ba ta hawa. Abin ya ci wa Tahsin rai, ba a ɓoye ba. Ya daina bi ta nan ko da zai je masallaci. Gulten ta ji labari ta zo tana share ido, ta ce ita ta jawo masa. Ya ce ta bar shi, dama gwiwarsa ta fara ƙorafin layi biyu, ta zo dai ta duba masa ƙeya.

Sanyi ya shiga ya fita. Nermin ce ta fara gani, yana shan miya a gaban taga, ta ce ya tsaya kada ya motsa. Wani abu ne laushi-laushi kamar gashin ɗan tsako. Daga nan ya yi duhu, ya yi kauri, ya miƙe tsaye ko'ina kamar alkamar da ta sha ruwa. 'Yan wajen mai shayi suka koma tambayar ko 'yar tasa tana duba kan maƙwabta. Gulten ta ɗage doka, tire ya koma mazauninsa, kira ya dawo har ana ji daga bakin ruwa. Layin ƙasa dai bai dawo ba.

Wata Asabar gashi ya fara taɓa masa kunne, ya shiga shagon Hulusi mai aski, wanda rabonsa da kujerarsa tun Gulten na goye. Hulusi ya yafa masa ƙyalle, ya kaɗa almakashi, ya ce, "To, Yaya Tahsin, yaya za a yi maka?"

Tahsin ya buɗe baki ya rasa abin da ake cewa. Ya daɗe yana kallon mutumin da ke cikin madubi.

"Rage kaɗan," ya ce. "Kuma ka bi a hankali. Aikin 'yata ne."