Kurkunu da Ingilishin Taubashina

Karatun allo na ajiye shi ban kai izu goma ba, amma duk Matameye babu tsohon da ya riga ni jin Ingilishi. Kalma huɗu na iya, kuma kowace ɗaya wari take yi.

Lokacin Nasara ba su shigo Damagaram ba tukuna. Ina magidanci, na yi wa madugu alkawarin bin ayarinsa zuwa Gwanja da zarar an gama girbi, har na tanadi jakai biyu da kanwa. Sai kurkunu ya fito mini a idon sawu. Wanda bai san shi ba ya gode wa Allah: farar tsutsa ce kamar zaren saƙa, ta huda fata ta leƙo. Wanzamin unguwarmu ya ɗaure kanta a ɗan kara, kullum da safe ya zo ya naɗa abin da bai kai gaɓar yatsa ba.

Na ce, "Baba, ayari fa ba ya jira."

Ya ce, "Ita ba ta san madugu ba. In aka ja ta katse, ƙafar ce za ta biya."

Ana cikin haka taubashina, ɗan kawuna, ya dawo daga bakin teku. Shekara uku ya yi yana riƙe wa wani likitan Ingilishi tasa in ana fiɗa, saboda haka ya dawo yana tafiya kamar shi ne likitan. Ya dube ni a kan tabarma ya ce, "Bawana, in ka isa kurmi ba ka jin bakin Nasara, da kai da jakan za a haɗa a sayar. Bari in taimake ka."

Makarantar tasa ba ta buɗewa sai an ajiye mini akushi. Rana ta farko ya ce wuƙa sunanta naif. Ya ce kakannin Nasara ma wanzamai ke yi musu fiɗa, askar da ta yi gemu ita ke fasa maruru, ba wanki. Rana ta biyu jini, wai bulod. Likitocinsu na dā, in ji shi, ba sa wanke rigar aiki, sai ta bushe da jini ta iya tsayuwa da kanta, wai shi ne shaidar gwaninta. Rana ta uku mugunya, wai fos. Ya tsaya yana bayyana mini kaurinta da launinta, yana nuna furar da ke gabana. Na ture ƙwaryar. Ya ce almubazzaranci haramun ne, ya shanye. Sai da na tsufa na gane tsarin karatun nan.

Rana ta huɗu ƙafa, wai leg. A dā, in ji shi, in za a yanke ta, ƙarti huɗu su danne mutum, likita ya sa zarto, ko a zuba tafasasshen mai a rauni. Amma yanzu, in ji shi, sun waye: ƙyalle ake ɗora maka a hanci ka yi barci, a wanke hannu da wani magani mai warin tsiya, kafin ka farka an gama.

Sai ya ce, "Likitana da ya ga tsutsar nan taka, kafin azahar ta fita. Wannan tsohon sai ya kai ka baɗi."

Saura kwana tara ayari ya tashi. Na ce, "Kai ka iya?"

"Ni da na riƙe tasa shekara uku?"

Ba shi da ƙyallen barci, ba shi da maganin wari. Abin da ya kawo daga ilimin Nasara shi ne wanke hannu, ya kuwa wanke har gwiwar hannu, a ƙwaryar shan ruwana. Ya kama karan ya fara murzawa. Ta biyo kamar taƙi guda, fara sol, tana santsi, har na fara sa masa albarka. Sai na ji ɗis. Guntun ya rage a hannunsa, sauran ya koma ciki.

Kwana uku ƙafar ta zama turmi. Ƙudajen unguwa duk suka tare a zaurena, matata tana miƙo abinci daga bakin ƙofa da mayafi a hanci. Wanzami ya zo. Ya sa ƙarfe a wuta har ya yi ja, ya yi mini sakiya. Abin da ya fito ya cika kasko, ya fantsama a rigar taubashina da ke danne da ni.

Wanzami ya ce masa, "Malam likita, wannan me sunansa da bakin naku?"

Kafin wanzami ya rufe baki, taubashina ya fice bayan danga yana amai. Ni na amsa, na ce fos, don a san karatu bai faɗi ƙasa banza ba.

Ayari ya tashi ina kwance, na ji kukan jakai har suka yi nisa. Ban taɓa ganin Gwanja ba, kuma har yau da ɗingishi nake zuwa masallaci. Da Nasara suka zo daga baya, na gyara murya na jera wa tafintansu kalmomina huɗu. Ya saurara da ladabi, sannan ya ce waɗannan Faransawa ne.