Dawuda Baduku da Keken Madugu

A daminar da jirgin Jamusawa ya sauke kekuna uku a bakin Binuwai, Madugu Bobbo ya sayi ɗaya. Daga Garwa har Kuseri babu wanda bai san sunansa ba, kuma mutum irinsa ba ya naɗe riga a gaban jama'a. Haka yake hawa da babbar riga a sake, sarƙar keken tana cafke ta. Ni na ƙirga: riguna bakwai ta yaga, sau huɗu ta kayar da shi a kasuwa.

Maƙwabcina Dawuda baduku ne, shekara ashirin yana ɗinka kube da takalma. Ya je ya durƙusa gaban Madugu ya ce, "Ranka ya daɗe, takobi ma sai da kube. Bari in yi wa sarƙar nan nata."

Madugu ya harare shi. "In ta sake cin rigata fa?"

"In bar rumfata, in koma saran itace."

Sauran dukawa suka yi ta tsiya: "Dawuda, fara neman gatari!"

Kwana uku ya yi yana jiƙa fatar saniya yana lanƙwasawa, ya yi mata ɗinki ɗari biyu da sha shida, ya rufe sarƙar da ita. Ranar Juma'a Madugu ya hau da farar riga sabuwa, na bi shi da gudu daga masallaci har bakin kogi. Ya sauka ya karkaɗe rigar, ko tabon mai babu. Nan take ya tuɓe ta ya sa wa Dawuda. Shekara sha tara Dawuda ya ƙara a rumfarsa.