Allurar Garmaho

Na ɓata wa maigidana faya-fayai, shi kuma ya kushe su a jarida. Laifina ne.

Akawu ne, ɗan ƙabilar Ga, yana zaune a unguwar Adabraka. Duk Asabar wani kanti yakan aiko masa da sababbin faya-fayai, na jaz da na gogen Turawa, ya saurara ya rubuta ra'ayinsa. Ni dakon doya na bari na kama aiki gidansa. Daga unguwar Nima nake takowa kowace safiya. Shara, wanki, sai juya hannun garmaho da sauya allura.

Ya ce kowace allura fuska ɗaya ta faifai za ta yi, a jefar. Na ce to. Amma inda na fito, ko ƙusa ce ta lanƙwashe miƙe ta ake yi. Ƙarfe sabo fil, minti uku, a watsa a kwata? Na kasa. Sai na riƙa tara su a gwangwanin madara, in wasa su a dutsen wuƙa, in mayar cikin akwatinsu. Gani nake taimakonsa nake yi.

Sau uku yake jin faifai kafin ya ɗauki alƙalami. A na ukun sai ƙara ta cika shi, shuuu.

"Aboki, ka ji? Mai ƙahon nan kamar a cikin ruwan sama yake busa."

"Na ji, Maigida."

"Kai kullum ka ji. Ko akuya na sa maka, ka ji."

Mako uku yana rubuta cewa faya-fayan kantin ba su da kyau. Sai mai kantin ya zo da kansa, da wani faifan iri ɗaya da allurarsa. Kiɗa ya fita tas. Ya ce wa maigida, "Kunnenka ne ya tsufa." Ya daina aikowa.

Ina tsaye a wurin. Na ga bakin allurarsa, na tuna bakin tawa. Na gane alluran da nake wasawa ne ke cin faya-fayan.

Maigida ya shiga sosa kunne da gashin kaza. Ya je asibiti. Ya riƙa sa ni in yi magana a bayan ƙofa, ya ji ko zai ji. Ni kuwa zama ya gagare ni. In na tashi aiki sai in wuce ƙofar gidanmu, in kai unguwar Kawukudi, in juyo, in sake komawa. Aikin nan shi ne na farko da ba a ka nake ɗaukarsa ba.

Kwana tara na yi. A na goma na ajiye masa gwangwanin a tebur, na faɗa masa.

Ya ɗauki guda ya duba a hasken taga.

"To ba kunnena ba ne?"

"Ba shi ba ne."

Ya yi dariya har ya share ido. Sannan ya ce, "Kada ka zo gobe."

Ban sani ba ko kantin ya sake aiko masa. Yanzu ina kasuwar Agbogbloshie, ina gadin rumfar albasa.